Tseren Motoci: Wa Ke Tsare Iyakar Hanya, Daga Rairayin Arlit Zuwa Kwaltar Turai?

Shekaru da dama ke nan da ƙurar tseren Paris-Dakar ta lafa a jihar Agadas, amma tambayar da tseren ya ci karo da ita tsakanin Arlit da Agadas tana nan tana hana alƙalan wasan motoci barci har a manyan filayen Turai: ina iyakar hanya, wa ya ga wanda ya ƙetare ta, kuma mene ne hukuncinsa?

A farkon watan Janairu na 1979 mutanen Arlit suka karɓi baƙin da ba su saba gani ba. A lokacin garin yana da kimanin shekara goma da kafuwa, bai san wata hidima ba sai ta haƙar ƙarfen yuraniyom: kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ƙarfe tun 1971, COMINAK kuwa, can Akokan, ya fara nasa a 1978. Baƙin sun ɓullo ne daga arewa, ta Ingezam da Asamaka, bisa babura da motoci, fuska duk ƙura. Su ne ƴan tseren Paris-Dakar na farko, wanda Bafaranshen nan Thierry Sabine ya shirya. Motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris ranar 26 ga Disamba 1978. Guda 74 kacal suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, bayan tafiyar kimanin kilomita 10,000.

Tsakanin Arlit da Agadas tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, wadda direbobin ƙasa ke yi ba tare da wani tunani ba. Duk da haka a wannan zangon ƴan tsere da yawa suka ɓace, domin sawun motoci a gindin duwatsun Abzin ya rarrabu kamar jijiyar ganye, kowane sawu kuma kama yake da ɗan'uwansa. Tun daga ranar masu shirya tseren suka fahimci cewa babban aikinsu ya wuce auna lokaci da agogo. Dole su iya tabbatar da cewa wanda ya riga kowa isa ya bi inda aka ce a bi.

Hanyar da ba ta da gefe

A garuruwan kudu hanya abu ce da ido ke gani: ga kwalta, ga gefenta, ga lambatu. A hamada kuwa hanya alƙibla ce kawai. Faɗinta yakan kai kilomita da yawa, saboda kowane direba yana guje wa inda na gabansa ya kafe, ya buɗe nasa sawun, iska kuma ta zo da dare ta shafe duka.

Tun kafin zuwan mota, ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma ya san wannan matsala, ya kuma yi mata magani da mutum guda, wato madugu. Shi ke karanta taurari da kwanciyar rairayi, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, wanda ya raba hanya da shi kuwa ya raba hanya da ruwa. Ayarin yana da alamunsa, mafi shahara cikinsu ita ce bishiyar Tenere, ƙayar nan da ta tsaya ita kaɗai kusa da rijiya a kan hanyar Bilma, har aka sa ta cikin taswirorin duniya. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma aka kafa wata ta ƙarfe.

Da motoci suka yawaita sai aka ƙara wasu alamun. Ayarin binciken kamfanin Berliet, wanda ya ratsa Tenere da manyan motoci a 1959 da 1960, ya bar turakun ƙarfe masu lamba, waɗanda direbobi ke kira balis. A wasu hanyoyin kuma gangunan ƙarfe da tsofaffin tayu da tarin duwatsu ake jerawa. Duk waɗannan alamu suna nuna wa matafiyi inda zai dosa, sai dai ba sa hana shi kaucewa, kuma ba sa ba da shaida idan ya kauce. Ga mai fatauci wannan ya isa, tunda ba da kowa yake takara ba. Ga mai tsere kuwa, wanda minti guda ke raba shi da nasara, kowace kwana a hanya gayyata ce ta yanke.

Littafin hanya da hatimi

Dabarar farko da masu shirya Paris-Dakar suka yi amfani da ita mai sauƙi ce. Watanni kafin tsere, ƴan share fage kan bi hanyar gaba ɗaya, su rubuta littafin hanya. Kowane layi na littafin yana ɗauke da nisan da aka ci, da ɗan zanen abin da za a gani, dutse ne ko rijiya ko mararraba, da alƙiblar da za a dosa bisa kamfas. A wannan aiki sun dogara ƙwarai ga ƴan ƙasa. Marigayi Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet a Agadas, wanda filin jirgin saman birnin ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka taimaka wa Sabine wajen sanin Abzin da Tenere.

Littafi kaɗai ba ya kama mai laifi, saboda haka aka kafa tashoshin shaida a tsakiyar zango. A wani lungu da aka zaɓa, mota guda kan tsaya da tuta, da ma'aikata biyu ko uku da hatimi a hannu. Kowane ɗan tsere yana riƙe da kati, kuma wajibi ne ya tsaya a buga masa. Da maraice, a masauki, alƙalai su ƙirga hatimai. Wanda katinsa ya yi giɓi sai a ƙara masa awoyi bisa lokacinsa, abin da kan isa ya mayar da na ɗaya can baya. Fasahar tana wurin zaɓen inda za a kafa tashar: a bayan tudun rairayin da kowa ke son kewayewa, ko a ƙarshen kwarin da ke tsawaita tafiya. Tsakanin tasha da tasha ɗan tsere yana da ƴancin bin inda ya ga dama. Ke nan iyakar hanya a hamada ɗigo-ɗigo ce, kamar ƴaƴan tasbaha a zare.

Dalilin wannan doka na farko adalci ne, kada wani ya ci kilomita 500 wani ya ci 450 a ce tsere ɗaya suka yi. Dalili na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi rai. Jiragen ceto da babbar motar da ke bin baya tana kwasar waɗanda suka lalace duk bisa layin littafin suke nema. Hatimin ƙarshe da aka buga wa mutum shi ke gaya wa masu nema daga inda za su fara. Sabine da kansa ya ɗanɗana wannan: a 1977, cikin tseren Abijan zuwa Nis, ya ɓace da baburinsa a hamadar da ke kan iyakar Nijar da Libiya, ya yi kwanaki kafin wani jirgi ya hango shi.

A Janairu na 1982 Mark Thatcher, ɗan firayim ministar Ingila ta lokacin, ya yi kwana shida a ɓace a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Da jirgin sojan Aljeriya ya gano su, sai aka tarar suna da nisan kimanin kilomita 50 daga hanyar tsere. A 1983 kuma, shekarar da tseren ya fara ratsa Tenere, guguwar rairayi ta rufe sararin sama, ƴan tsere 40 suka watse cikin hamada. Sai da Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi cikin jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su, kuma Allah ya sa babu wanda ya rasu. Shi kansa ya rasu a haɗarin irin wannan jirgi ranar 14 ga Janairu 1986, kusa da Gurma-Rarus a ƙasar Mali.

Ranar da doka ta ci amanar mai bin ta

Masu iya magana sun ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan tsere suna neman hanyar yanke, gaskiya ne, amma su ma alƙalai sun taɓa yin abin da ya zubar da darajar dokarsu. Misalin da ba a manta ba shi ne na 1994, lokacin da tseren ya tashi daga Paris zuwa Dakar ya sake komawa Paris.

A ƙasar Muritaniya, tsakanin Atar da Nuwadibu, an kafa tashar shaida ta yadda ba a isa gare ta sai an ratsa wasu tuddan rairayi masu laushi ƙwarai. Direbobin kamfanin Citroën, Pierre Lartigue da Hubert Auriol, suka gwada suka ga ba ta ɓullewa, suka juya suka kewaye, bisa lissafin cewa hukuncin rashin hatimi ya fi sauƙi a kan kwana cikin rairayi. Direbobin Mitsubishi kuwa, Bruno Saby da Jean-Pierre Fontenay, suka nace sai sun bi abin da littafi ya ce. Suka yi fiye da yini da kwana suna haƙa da shebur, suna shimfiɗa faranti ƙarƙashin tayu, har suka fita. Da suka iso sai suka tarar alƙalai sun soke wannan yanki na zangon, saboda kusan kowa ya kasa wucewa. Wahalarsu ta tashi a banza, waɗanda suka kewaye kuma suka tsira. Kamfanin Mitsubishi ya janye motocinsa cikin fushi, Lartigue ya lashe tseren.

Abu biyu wannan labari ya bayyana. Na farko, idan hukunci ya fi bin doka arha, mai wayo zai sayi hukuncin kamar yadda ake sayen tikiti. Na biyu, dokar da ake canzawa bayan an gama aiki, mai biyayya take horarwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa biyan kuɗin fito cikakke, sa'an nan ya ga an yafe wa wanda ya bi ta bayan gari, ya san ɗacin da direbobin nan biyu suka ji.

Shaidar da ba ta barci

Rauni babba na hatimi shi ne mutum ke riƙe da shi. Ba a iya ajiye ma'aikaci a kowane kilomita goma na hamada, kuma abin da ya faru tsakanin tasha da tasha sai Allah sai direba. Canji ya fara a 1992, shekarar da tseren ya nufi birnin Kap na Afirka ta Kudu, ya ratsa gabashin Nijar ta Dirku da Gigimi. A nan aka fara amfani da na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam ta gaya wa mutum daidai inda yake tsaye a doron ƙasa.

Da farko na'urar ta so ta kashe wasan, domin wanda aka ba lambobin wuri ba ya buƙatar karanta ƙasa, kibiya kawai zai bi. Saboda haka a tsakiyar shekarun 2000 masu shirya tseren suka juya al'amarin. Suka riƙa bai wa kowa na'ura iri ɗaya, a kulle, wadda ba ta nuna hanya sai kaɗan, amma tana rubuta duk inda mota ta taka. Aka maye gurbin yawancin tashoshin hatimi da ɓoyayyun alamu, waɗanda babu tuta babu mutum a wurinsu. Ɗan tsere zai bi littafi da kamfas har ya matso kusa da alamar da ƴan ɗaruruwan mitoci, sa'an nan kibiya ta bayyana, idan ya shiga da'irar da aka ƙayyade na'ura ta rubuta masa shaida. Wata na'urar kuma tana aika matsayin kowace mota zuwa cibiyar tsere ta tauraron ɗan'adam, tana kuma yin ƙara idan mota ta kife ko ta tsaya cak.

Na'ura ba ta san babba ba. A 2009, a ƙasar Ajantina, Nasser Al-Attiyah na Katar yana kan gaba a tseren lokacin da injin motarsa ya fara zafi. Ya kewaye tuddan rairayi domin ya ceci injin, ya tsallake ɓoyayyun alamu da dama, aka kore shi daga tseren gaba ɗaya. A 2014 ya sake tsallake alama guda, aka ƙara masa awa ɗaya. Ya ƙare na uku, tazarar da ke tsakaninsa da Nani Roma wanda ya yi nasara kuwa ba ta kai awa ɗaya ba. Alama guda ta raba shi da kofi. Da manyan kamfanoni suka koma ɗaukar ƙwararrun da ke kwana suna nazarin hotunan tauraron ɗan'adam domin gano hanyar yanke, sai aka koma raba littafin hanya ƴan mintoci kafin tashi, daga baya ma aka mayar da shi cikin allon lantarki.

Iyakar da ta shafi mutanen gari

Akwai wata iyaka da aka daɗe ba a tsare ba, ita ce ta tsakanin hanyar tsere da ƙofar gidan talaka. Hamadar da Bature ke gani wayam tana da masu ita: makiyaya, da mata masu ɗebo ruwa, da yaran da ƙarar inji ke jawowa da gudu. A 1988 wata yarinya ƴar shekara 10 ta rasu a garin Kita na Mali bayan motar tsere ta buge ta. A wannan shekarar ce kuma babbar motar kamfanin DAF ta wuntsila a Tenere tana tsananin gudu, ɗaya daga cikin mutanen cikinta, Kees van Loevezijn, ya rasu. A 2005 motar rakiya ta kashe yarinya ƴar shekara 5 a Senegal. A 2006 yara maza biyu suka rasu kwana ɗaya tsakani, ɗaya a Gine ɗaya a Senegal.

Umurnin rage gudu a cikin ƙauyuka ya daɗe a rubuce, sai dai babu mai gani balle ya hukunta. Na'urar da ke rubuta sawu ita ta ba shi haƙora. A littafin hanya ana sa alamar inda yankin rage gudu ya fara da inda ya ƙare, a ƙayyade kilomita 50 ko 30 cikin awa. Da maraice alƙalai su zazzage abin da na'ura ta rubuta, duk wanda ya zarce a ƙara masa lokaci, a ci shi tara, wanda ya maimaita kuma yana iya rasa tseren. A 2015 Al-Attiyah ɗin nan ya riga kowa kammala zangon farko, amma minti biyu da aka ƙara masa saboda gudu a yankin da aka hana suka miƙa nasarar ranar ga Orlando Terranova.

Abin takaici shi ne, lokacin da wannan tsari ya kankama, tseren ya riga ya bar Nijar. Tawayen da ya ɓarke a arewa bayan abin da ya faru a Cintabaraden a 1990 ya nisanta shi. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ya dawo a 1997, da sunan Dakar-Agadas-Dakar, inda Kenjiro Shinozuka na Japan ya yi nasara a motoci. A 2000, saboda barazanar ƴan bindiga, aka kwashe ayarin kacokan cikin manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, ba a taka Tenere ba. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ƙasar Saudiyya.

Farin layi bisa kwalta

Mai karatu zai iya zaton wannan wahala ta hamada ce kaɗai, cewa a filin da aka kewaye da shinge, aka shimfiɗa kwalta, aka girke kyamarori ko'ina, babu abin gardama. Gasar Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, ta nuna akasin haka. A can dokar hukumar FIA a fili take: farin layin da ke gefen kwalta shi ne iyaka, kuma idan tayu huɗu duka suka fita bayansa, mota ta bar hanya. A lokacin gwajin neman gurbi ana soke lokacin zagayen. A cikin tsere, fita ta uku tana jawo tutar gargaɗi mai fari da baƙi, ta huɗu kuma ƙarin daƙiƙa 5.

Me zai sa direba ya fita da gangan? Domin duk wanda ya faɗaɗa kwana ba ya buƙatar taka birki sosai, yana fita da sauran gudunsa. A da, bayan layin ciyawa ce ko tsakuwa, mota ta taka ta zame ko ta kafe, saboda haka babu mai kusantar wurin. Daga baya, domin kare rayuka, filaye da yawa suka shimfiɗa kwalta a bayan layin, yadda motar da ta ƙwace za ta iya cin birki. Rayuka sun tsira, amma tsoron gefe ya gushe. Shi kuma direba yana kwance ne can ƙasa cikin mota, da ƙyar yake hango saman tayunsa na gaba, ana kuma so ya auna faɗin yatsa yana gudun fiye da kilomita 200 cikin awa.

Ranar 2 ga Yuli 2023, a filin Red Bull Ring na ƙasar Ostiriya, abin ya kai intaha. A tseren zagaye 71, alƙalai suka sami rahoton fita layi fiye da 1,200 da ya kamata su duba, akasari a kwana ta 9 da ta 10. Ba su iya gamawa kafin a kaɗa tutar ƙarshe ba. Ƙungiyar Aston Martin ta shigar da ƙara, aka sake zama, bayan awoyi aka fito da sababbin hukunce-hukunce 12 a kan direbobi 8. Max Verstappen ya riƙe nasararsa, amma Carlos Sainz ya sauko daga na huɗu zuwa na shida, Lewis Hamilton daga na bakwai zuwa na takwas, Esteban Ocon kuwa shi kaɗai aka ɗora masa daƙiƙa 30. Ƴan kallo sun riga sun koma gida da sakamakon da ba shi ne na gaskiya ba.

Hukumar ta nemi magani ta hanya biyu. A tseren Abu Dabi na ƙarshen 2023 ta fara gwada kwamfutar da ke duba hotuna tana tace waɗanda ba su da shakka, ta bar wa ma'aikatan cibiyarta ta Jeneba ƴan kaɗan masu wuyar yankewa. A 2024 kuma aka zuba tsakuwa mai faɗin mita biyu da rabi a bayan kwana ta 9 da ta 10 ta filin Ostiriya. Nan take fita layi a wurin ya ragu ƙwarai. Abin da alƙalai da kyamarori suka kasa, tsakuwa ta yi shi ba tare da takarda ba. Wato bayan duk kuɗin da aka kashe, an koma ga abin da kowane direban Asamaka ya sani: inda ƙasa da kanta ke horar da mai kaucewa, ba a yawan gardama kan iyaka.

Abin da ya rage wa arewa

Daga hatimin Abzin zuwa tsakuwar Ostiriya, abin da masu tsere suka koya cikin shekaru fiye da arba'in bai wuce sharaɗi uku ba. Iyaka ta zama sananniya tun kafin a tashi. A sami shaidar da ba ta duban fuska. Hukunci kuma ya zo a kan lokaci, ya fi ribar kaucewa tsada, kada a canza shi bayan an isa. A hamada akwai ƙarin sharaɗi na huɗu, wanda ya sa ƴan tsere ke neman tashar shaida ido rufe: tsayawa a wurinta amfanin mai tsayawa ne, domin nan ake rubuta cewa ya wuce da rai, nan kuma za a fara nemansa idan bai iso ba.

Ƴan tsere sun tafi, COMINAK ma ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, amma hanyoyin suna nan, kuma masu binsu ba su da jirgin ceto. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92, akasarinsu mata da yara ƴan yankin Kance na jihar Damagaram, kusa da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su daga Arlit zuwa Tamanrasat sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Motocin da ke irin wannan jigila kan kauce wa babbar hanya domin gudun shingen jami'an tsaro, kuma wanda ba a rubuta fitarsa ba, ba a saurin sanin ɓatansa. Bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, direbobi da yawa sun ƙara nisanta daga rijiyoyi da alamun da aka sani, har zuwa soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

Babu mai haɗa wasan masu kuɗi da tafiyar mai neman abinci. Sai dai dabarar da aka ƙera domin wasan ba ta fi ƙarfin hanyar fatauci ba: alamu tsayayyu da ake gyarawa duk shekara, rajistar fita da ta isa da ake gwamawa kowace maraice tsakanin tasha da tasha, da ƴar na'urar kiran ceto a kowace motar da ke shiga hamada da fasinja. Wannan aiki ne na hukumomi da ƙungiyoyin masu sufuri da ƴan kasuwar da kayansu ke bisa motocin. Shingen da direba ya san zai sami ruwa da rajista da mai cigiyarsa a wurin, ba ya kewaye shi. Wanda ya san ba abin da ke jiransa sai ɓata lokaci da asarar aljihu kuwa, zai ci gaba da yankewa ta bayan tudu da mutane talatin a bayan mota, kuma rairayi ba ya karɓar ƙara.